Mulkin Talakawan Atina da Hujjar Masu Sukarsa

Wanda ya karanta tarihin Girkawan zamanin da a makaranta yakan fito da 'yan abubuwa a ka: dimokuraɗiyya, majalisa, falsafa, da sunayen Sokratis da Aflatun da Arisɗo. Ba kasafai ake gaya masa cewa duk waɗannan sun sarƙe da juna ne a gari guda ba, wato Atina, ko kuma cewa a cikin manyan masanan nan uku babu wanda ya amince da tsarin mulkin garin ɗari bisa ɗari. Yau da an ce dimokuraɗiyya sai hankali ya tafi kan zaɓe, da 'yan takara, da akwati, da wa'adin shekara huɗu. Da mutumin Atina zai ga wannan, da ya kira shi mulkin manya. Arisɗo ya bayyana a littafinsa na siyasa cewa mutanen zamaninsa sun ɗauki ba da muƙami ta hanyar ƙuri'a a matsayin alamar mulkin jama'a, zaɓe kuwa alamar mulkin 'yan tsiraru. Ƙuri'ar da yake nufi ita ce wadda ake jefawa a bar rabo ya fitar da mutum, ba tare da kowa ya ce ga wanda yake so ba. Abin da nake gani shi ne, wannan tsari da masana suka yi ta yi wa kallon wauta an gina shi ne a kan tunani mai zurfi game da yadda iko ke lalata mai riƙe da shi, kuma ya fi yawancin sukar da aka yi masa ƙarfi, in ban da guda ɗaya.

Girka ta wancan zamani ba ƙasa ɗaya ba ce. Garuruwa ne fiye da dubu, kowanne da ganuwarsa da gonakinsa da dokokinsa, abin da suke kira polis. Shekarun tarihin Girka da za a ambata a nan duk na kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ne, saboda haka lissafinsu baya-baya yake tafiya. A shekara ta 594 aka ba Solon ikon sasanta rikicin Atina, inda bashi ya mayar da manoma bayin masu ƙasa. Ya yafe basussukan, ya hana a bautar da ɗan gari saboda bashi, amma ya bar manyan muƙamai a hannun masu dukiya. Daga nan garin ya faɗa hannun Fisistaratus da 'ya'yansa, waɗanda suka ƙwaci mulki da ƙarfi, har aka kori na ƙarshensu a 510. Wanda ya yi babban aikin shi ne Kilistenis a 508. Ya ga cewa ƙarfin manyan gidaje yana cikin dangi da yanki ne, sai ya rarraba unguwanni da ƙauyuka 139 cikin sababbin ƙabilu goma, kowace ƙabila kuma ya haɗa mata mutanen birni da na bakin teku da na karkara. Masunci da manomin tudu da maƙerin cikin gari suka zama 'yan rukuni ɗaya, suna fita yaƙi tare, suna aika wakilai tare. Babu wani attajiri da zai iya cewa ƙabila guda mutanensa ne.

A kan wannan harsashi aka ɗora sauran ginin. Taron jama'a, eklesiya, shi ke da magana ta ƙarshe a kan yaƙi da sulhu da kuɗin gari. Ana zamansa a kan tudun Finikis, kuma a ƙarni na huɗu yana zama sau arba'in a shekara. Duk ɗan gari namiji baligi yana da damar zuwa, ya ɗaga hannu, ya kuma miƙe ya yi magana, domin mai shela yakan buɗe zaman ne da tambayar wa ke son magana. Wannan haƙƙin magana daidai wa daida shi suke kira isegoriya, kuma sun riƙe shi da daraja ƙwarai. Majalisar mutum ɗari biyar, bule, ita ke shirya abin da za a tattauna, kowace ƙabila tana ba da hamsin ta hanyar ƙuri'a, wa'adinsu shekara guda, kuma ba a yarda mutum ya zauna a cikinta fiye da sau biyu a rayuwarsa ba. Hamsin ɗin kowace ƙabila su ke riƙe da ragamar gari na kashi ɗaya cikin goma na shekara. A cikinsu kullum ana fitar da mutum ɗaya da ƙuri'a ya zama shugaba na yini da kwana, a damƙa masa hatimin gari da mabuɗan ɗakunan bautar da ake ajiye dukiyar gari a ciki, gobe ya miƙa wa wani, kuma ba zai sake riƙewa ba har abada. Idan aka yi lissafi, a garin da 'yan ƙasa maza ba su wuce dubu talatin zuwa dubu sittin ba bisa ƙiyasin masana, ana buƙatar mutum ɗari biyar kowace shekara, to lallai ne kaso mai yawa na talakawa sun taɓa zama a majalisa, sun ga yadda ake karɓar jakadu da yadda ake ƙirga kuɗin jiragen yaƙi da idonsu.

Kotuna su ne inda tsarin ya fi nuna hikimarsa. Kowace shekara ana fitar da mutum dubu shida masu shekara talatin zuwa sama, su rantse. Da sassafe a ranar shari'a duk mai son aiki a cikinsu zai zo da ɗan allonsa na tagulla mai ɗauke da sunansa, a soka shi a ɗaya daga cikin ramukan wani faifan dutse da aka jera layi-layi. A gefen dutsen akwai bututu, a zuba masa ƙwallaye farare da baƙaƙe, a riƙa sakinsu ɗaya bayan ɗaya. In fari ya fito, mutanen wannan layin sun shiga aikin yau, in baƙi ne su koma gida. An tono gutsattsarin irin wannan dutse a tsohuwar kasuwar Atina. Bayan haka ma sai an sake wata ƙuri'ar kafin mutum ya san kotun da zai zauna. Alƙalan shari'a ɗaya sukan kai 201 ko 401 ko 501, wani lokaci fiye da dubu. Mai ƙara da wanda ake ƙara kowa shi zai yi wa kansa magana, ana auna masa lokaci da ruwan da ke tsiyaya daga tukunya mai huda, sannan a yanke hukunci a asirce a ranar. Attajirin da ke son sayen shari'a bai san wa zai ba toshiya ba sai gari ya waye, kuma ko ya sani, mutum ɗari biyar sun fi ƙarfin aljihunsa. Da Ferikilis, ɗaya daga cikin janarorin garin, ya sa a riƙa biyan alƙalai ladan yini, sai leburan da ba zai iya barin aikinsa kyauta ba shi ma ya samu shiga.

Dalilin da ya sa suka guji zaɓe a fili yake. Idan aka ce jama'a su zaɓa, wanda aka sani shi ake zaɓa, kuma wanda aka sani shi ne mai kuɗi, ko ɗan babban gida, ko mai zaƙin baki. Sparta, babbar kishiyar Atina, zaɓe take yi: dattawa 28 na majalisarta jama'a ke fitar da su da ihu, wanda aka fi yi wa sowa shi ya ci, kuma Sparta ba mulkin talakawa take yi ba. Ƙuri'a ba ta san ɗan wane ba. Amma mutanen Atina ba su tsaya nan ba, domin sun san rabo yana iya faɗawa kan ɓarawo. Kafin mutum ya kama aiki sai an tsayar da shi an tambaye shi iyayensa da kakanninsa, da inda kaburburan gidansu suke, ko yana kyautata wa mahaifansa, ko yana biyan haraji, ko ya fita yaƙi da aka kira shi, sannan a tambayi jama'a ko akwai mai ƙorafi. Idan wa'adinsa ya cika, wasu masu binciken kuɗi, su ma ƙuri'a ta fitar da su, za su bi lissafinsa ɗaya bayan ɗaya, ba shi da izinin barin gari kafin a wanke shi, in kuma an kama shi da cin dukiyar jama'a ya biya ninki goma. Hatta mai kawo shawara a taron jama'a ana iya gurfanar da shi idan shawararsa ta saɓa wa doka, ko da taron ya amince da ita. Marubucin tarihi Herodotus ya sa wa wani mai kare mulkin jama'a abubuwa uku a baki: muƙami ta ƙuri'a, mai muƙami ya ba da bahasi, shawara kuma a yi ta a bainar jama'a. Ukun tare suke tafiya, in an cire ɗaya sauran sun rushe.

Inda suka bar wa jama'a su nuna mutum da suna, nan ne aka fi ganin hannun masu dabara. Sau ɗaya a shekara taron yana iya yanke a kori mutum guda daga gari na shekara goma, ba tare da wani laifi ba sai tsoron kada ya yi ƙarfi da yawa. Kowa ya rubuta suna a kan tsingaro ya jefa. A wata rijiya a gindin dutsen Akrofolis an samu tsingaro kusan 190 duk da sunan Temistokilis, jarumin yaƙin Salamis na 480, kuma masu nazarin rubutu sun gano hannu goma sha huɗu ne kawai suka rubuta su. Alamu sun nuna wasu ne suka shirya su don rabawa. Tun kafin ƙarshen ƙarni na biyar mutanen Atina suka daina amfani da wannan hanya.

Suka ta farko ita ce ta ƙwarewa, kuma daga bakin Sokratis ta fito. Almajirinsa Zenofon ya ruwaito cewa an zarge shi da cewa wauta ce a fitar da shugabanni da ƙuri'a, alhali babu mai yarda a fitar masa da matuƙin jirgi ko magini ta wannan hanya. Aflatun ya faɗaɗa wannan a littafinsa na jamhuriya da misalin jirgin da ma'aikatansa ke kokawa a kan sitiyari, wanda ya san taurari kuma an mayar da shi gefe. Daga nan ya kai ga cewa gari ba zai zauna lafiya ba sai masu falsafa sun yi mulki. Wannan hujja tana da nauyi, bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba, domin jahilci yana kashe mutane. Sai dai mutanen Atina ba su musanta ƙwarewa ba. Janarori goma na yaƙi zaɓensu ake yi, kuma ana iya maimaita musu ba iyaka, shi ya sa Ferikilis ya riƙe wannan muƙami shekara goma sha biyar a jere har ya mutu a 429. Aflatun da kansa ya shaida a tattaunawar Furotagoras cewa idan maganar gini ko ƙera jirgi ce, taron ba ya sauraron kowa sai masu sana'ar, wanda bai sani ba in ya miƙe ihu ake yi masa ya zauna. Maganar inda gari zai dosa ce aka buɗe wa kowa. Matuƙi ya san hanyar teku, amma ba shi ke yanke wa fasinja garin da za su ba, kuma su ne za su nutse in jirgin ya kife. Arisɗo, wanda ya fi malaminsa Aflatun kallon abin da ke faruwa a zahiri, ya yarda da wannan: mai zama a gida ya fi magini sanin ko gidan ya yi, mai cin abinci ya fi mai dafawa sanin ko ya yi daɗi, kuma jama'a in sun haɗu suna iya fin ƙwararru kaɗan hangen nesa ko da kowannensu shi kaɗai bai kai su ba. A wurinsa ɗan ƙasa na gaskiya shi ne wanda ya iya mulki ya kuma iya biyayya, kowanne a lokacinsa. Wannan ilimi ba a samunsa sai da yi, kuma karɓa-karɓar Atina makarantarsa ce.

Suka ta biyu ita ce taro yana da fushi da gaggawa, kuma shaidunta suna da ban tsoro. A 428 garin Mitilini ya yi tawaye, aka murƙushe shi a 427, taron Atina bisa zugar wani mai suna Kiliyon ya yanke a kashe duk mazan garin a bautar da mata da yara. Jirgi ya tashi da umarnin. Washegari hankalin mutane bai kwanta ba, aka sake zama, wani mai suna Diyodotus ya yi magana a kan a sassauta, aka soke hukuncin da ƙaramar rata. Marubucin tarihi Tusididis ya ba da labarin jirgi na biyu da aka tura da sabon umarnin, yadda matuƙansa ke cin garin sha'ir da aka kwaɓa da mai da ruwan inabi suna tuƙi, suna barci bi da bi ba tare da an tsaya ba, suka iso kwamandan ya riga ya karanta umarnin farko yana shirin zartarwa. Garin ya tsira, amma duk da haka an kashe waɗanda aka ɗora wa laifin tawayen. A 406, bayan nasarar yaƙin teku a Arginusa, guguwa ta hana ceto waɗanda jiragensu suka nutse, taron ya yanke wa janarori hukuncin kisa a dunƙule saɓanin doka, aka kashe shida. Sokratis yana cikin masu riƙon gari a ranar, shi kaɗai ya ƙi sa hannu. A 399 kuma kotu ta same shi da laifin rashin girmama allolin gari da ɓata matasa, aka ba shi guba ya sha. Wannan zalunci ne, babu yadda za a wanke shi.

Amma adalci shi ne a auna tsarin da abin da aka gwada a madadinsa, a garin, a zamanin. Sau biyu masu ganin sun fi jama'a sani suka karɓi mulki, a 411 da kuma 404. Na biyun, mutum talatin da Sparta ta ɗaure wa gindi, wanda jagoransu Kiritiyas ɗan uwan Aflatun ne kuma ya yi zama a gaban Sokratis, sun kashe kimanin mutum 1,500 cikin wata takwas, da yawansu don a ƙwace dukiyarsu. Da talakawa suka dawo da mulkinsu a 403, sai suka yi rantsuwar yafe abin da ya wuce ga kowa in ban da shugabannin ta'asar, kuma galibi sun cika alkawari. Sannan suka gyara tsarinsu: aka raba doka mai ɗorewa da ƙudurin rana guda, aka hana ƙuduri ya taka doka, aka mayar da yin sabuwar doka hannun wani zama na musamman mai kama da kotu, inda ake sauraron ɓangare biyu. A hukuncin Sokratis ma, a cikin alƙalai wajen ɗari biyar, ya faɗa da bakinsa cewa da mutum talatin sun sauya da an sake shi, kuma wannan shekara huɗu ne kacal bayan tsohon abokin zamansa Kiritiyas ya jiƙa garin da jini. Taron da ya yi kuskure a Mitilini yana da hanyar dawowa washegari. Mutum talatin ɗin babu wanda ya isa ya sa su sake zama.

Suka ta uku ita ce wadda ba ni da amsar da za ta kawar da ita. Wannan 'yanci na tsiraru ne. Mata ba su da murya a taro ko kotu. Baƙi mazauna, ciki har da Arisɗo ɗan garin Sitagira, suna biyan haraji amma ba su da ta cewa, kuma dokar Ferikilis ta 451 ta ce sai wanda uwa da uba duk 'yan Atina ne zai zama ɗan ƙasa. Dubban bayi suna haƙar azurfa a ramukan Lawuriyon cikin duhu da ƙunci, da wannan azurfa aka ƙera jiragen da suka ba talaka mai tuƙi bakin magana a siyasa. Garuruwan ƙawance da suka haɗa kuɗi don kare kai daga Farisa sun ga an kwashe baitulmalinsu zuwa Atina a 454, kuma a 416 aka yi wa tsibirin Melos abin da Mitilini ta tsallake. Duk wanda ya yabi Atina ya rufe ido ga wannan ya ci amanar waɗanda aka zalunta. Abin da kawai zan ƙara shi ne, laifin yana wurin shata iyakar wa ya cancanci a kira shi mutum cikakke, kuma wannan iyaka masu sukar ba su matsar da ita ga bayi ba. Sparta ta danne al'umma guda a matsayin bayin ƙasa, Arisɗo kuma ya rubuta hujjar cewa wasu mutane bayi ne tun halitta. Masu cewa tsarin ba zai rayu ba sai da harajin daular da Atina ta kafa a kan garuruwan ƙawance kuma tarihi bai goyi bayansu ba: daular ta rushe a 404, mulkin jama'a ya ci gaba shekara tamanin, a lokacin ne ma aka fara biyan masu halartar taro.

Abin da ya sa hukuncin masu suka ya rinjaya shi ne su ne suka yi rubutu. Manomin da ya riƙe hatimin gari na kwana guda bai bar littafi ba. Duniyar Musulmi ta gaji falsafar siyasar Girka galibi ta hannun Aflatun: Alfarabi, wanda ya rasu a shekara ta 950 Miladiyya, ya lissafa birnin jama'a cikin biranen jahilci, ko da yake ya yarda nagartattu suna iya tsirowa a cikinsa, Ibn Rushd kuma ya ce ya yi sharhin littafin Aflatun ne saboda na Arisɗo a kan siyasa bai zo hannunsa ba. Waɗanda suka tsara mulkin Amurka a 1787 da gangan suka zaɓi wakilci don su nisanta taron jama'a daga iko. Cikakken bayanin yadda kotuna da majalisar Atina ke aiki ma ya ɓace ƙarnuka masu yawa, sai da aka same shi a Masar rubuce a bayan takardun lissafin wata gona, aka buga shi a Landan a 1891.

Tsarin bai faɗi don talakawa sun kasa riƙe shi ba. Ƙarfin Makidoniya ne ya murƙushe shi: Filibus, mahaifin Iskandari, ya ci Atina da ƙawayenta a Kairuniya a 338, sannan a 322, bayan tawayen da ya biyo mutuwar Iskandari, janar Antifata ya girke sojoji a tashar jiragen ruwan garin, ya ƙayyade cewa sai mai dukiyar dirakma 2,000 zai ci gaba da zama ɗan ƙasa mai murya. Kimanin mutum dubu tara ne suka cika sharaɗin, sauran aka cire su daga taro da kotu, wasu da yawa aka tura su zama a Tirakiya.